Tulunan da Ba Su San Rijiya Ba

Na farkon kyauta ne.
Shekarar da furojen Jamusawa ya naɗe tabarmarsa daga Tawa,
Madam Gizela ta miƙo mini shi a bakin mota,
naɗe cikin tawul, kamar jinjiri ranar suna.
Ta ce akwati ya cika. Ban ce komai ba.
Shekara tara ina tuƙa ta Illela, Bambai, Kalfu,
ladan ban kwana: tulu mai wuyan zalɓe
wanda ko moɗa biyu ba zai ɗauka ba.

Yau goma sha bakwai ne a kan almuwar.

Tankari na Katako ya san ciwona.
In kwantena ta faso daga Kwatano
yakan tona cikin tsofaffin fitilu da matattun agogai,
ya kira ni: “Direba, ga wani mummuna irin naka.”
In aika jika uku, wata rana biyar,
ya sa shi motar Yamai cikin rigunan gwanjo,
ni kuwa in kwana ina ƙirga ramukan hanya,
daga Doso zuwa Kwanni, daga Kwanni zuwa gida.

Mummuna, in ji shi.
To, akwai mai baƙin kumfa da ya daskare a kafaɗa
kamar ƙanzon da aka manta bisa murhu.
Akwai ja, jan dutsen Adar bayan ruwan farko.
Akwai mai ruwan lemo, mai kunne ɗaya,
ya riƙe ƙugu kamar mai bin bashi.
Akwai wanda na rasa sunan launinsa
a Hausa, a bakin Buzaye, har a Faransancin da na tsinta.

In ka kife su, akwai rubutu a gindi:
lamba, ɗan layi, wata lamba,
sai sunan ƙasa, Jamus ta Yamma.
Jikata Kubura ta duba taswirar lakwal
ta ce, “Kaka, babu wannan ƙasa.”
Na ce da akwai, na ci albashinta.
Ta tafi ne ta bar tukwanenta.

Tsahara, shekara arba'in muna tare,
ta ce tulun da bai san rijiya ba,
bai taɓa hawa gammo ba, bai sanyaya ruwan kowa ba,
me ya raba shi da malalacin baƙo?
Ta zuba makullai a cikin jan.
Na yi kamar ban gani ba.

Ta manta, ko ta yi kamar ta manta,
ɗan maginiya ta aura.
Inna Tamo ta gina tulu ya fi dubu.
Ni ke ɗauko mata yumɓu a kan jaki,
ni ke tara kara da kashin shanu ranar gashi.
Duk sun tafi rijiya, sun yi aikinsu, sun fashe.
Ba ni da ko ɗaya. Ko tsingaro.
Abu mai amfani ba ya tsufa a hannunmu.

Daren Laraba kuran ya ɗauke.
Na laluba neman tocila, gwiwar hannuna ta riga ni.
Na Madam Gizela ne.
Da safe na tattara shi a faranti,
gutsure shida da ɗan gari,
sai ga shi ƙarƙashin duk wannan ƙyalli
ƙasa ce kawai, ja-ja, gasasshiya.
Na taɓa ta da harshe, yadda Inna ke gwada tukunya.
Ta kama mini harshe, tana neman ruwa.
Shekara sittin da ƙishirwa, ba wanda ya sani.

Tsahara ta tsaya a bakin ƙofa.
Na jira “ai na faɗa maka”, bai zo ba.
Ta ɗauki jan, ta juye makullanta a gefen zane,
ta cika shi daga randa har wuya.
Ba mu da fure a gidan nan,
Kubura ta karyo reshen dogon yaro.

Goma sha shida.
Tankari ya kira jiya, sau biyu, ban ɗauka ba.
Wayar tana aljihuna.